Majigi, Ƙuri'a da Baƙaƙe: Abin da Ya Faru a Angicos

Ranar 2 ga Afrilu, 1963, shugaban ƙasar Burazil, João Goulart, ya yi takakkiya har wani ƙaramin gari mai suna Angicos, can cikin busasshen yankin jihar Rio Grande do Norte da ke arewa maso gabashin ƙasar. Bikin rufe wani ajin yaƙi da jahilci ne ya kai shi. Kimanin mutum 300, manoma da 'yan ƙwadago da matan aure, waɗanda a farkon shekarar ba su iya rubuta sunansu ba, sun kammala darasi na sa'o'i 40 da ake yi da dare bayan an taso daga aiki, ga su kuma suna karatu suna rubuta wasiƙa. Cikin manyan baƙin ranar har da wani janar, Humberto Castelo Branco, kwamandan sojojin yankin. Shekara guda bayan nan shi ya hau kujerar Goulart ta hanyar juyin mulki, kuma a zamaninsa aka kulle malamin da ya tsara darasin, Paulo Freire.

Ƙuri'a ce ta sa ajin manya a ƙauye ya zama maganar shugaban ƙasa da janar-janar. Tun 1881 dokar Burazil ta hana wanda bai iya karatu da rubutu ba yin zaɓe, haka kuma aka ci gaba har 1985. A ƙidayar 1960, kusan kashi 40 cikin ɗari na manyan ƙasar ba su iya karatu ba, a arewa maso gabas kuwa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. A lokacin ƙasa ce mai mutum miliyan 70, amma masu rajistar zaɓe kimanin miliyan 15 da rabi ne kacal. Duk wanda ya koyi rubuta sunansa ya zama sabon mai ƙuri'a, kuma masu manyan gonaki, waɗanda suka saba juya siyasar yankin yadda suka ga dama, sun san abin da hakan ke nufi. Gwamnan jihar, Aluízio Alves, yana da nasa lissafin. Amurkawan da suka ba da kuɗin aikin, ta shirin Shugaba Kennedy na tallafa wa ƙasashen Latin Amurka, su ma suna da nasu: kada abin da ya faru a Kyuba a 1959 ya bazu.

Na'urar da aka yi aikin da ita ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina a waɗancan shekaru. Majigi ne, ƙarami, mai haska hoto ɗaya-ɗaya a jikin bango. Shi ya sa labarin Angicos ya cancanci mu tsaya a kansa yau, da kowane mai neman muƙami ke yi wa makarantu alkawarin kwamfuta, kowane kamfani ke rantsuwa cewa manhajarsa za ta kawo ƙarshen jahilci. An daɗe da gwada na'ura a aji, an kuma ga inda ta yi rana da inda ta zama kayan ado.

Abin da ake yi idan an kunna majigin

Kafin a buɗe aji ko ɗaya, ɗaliban jami'ar da suka zo daga Natal, babban birnin jihar, sun bi garin gida-gida suna hira da mutane, suna rubuta kalmomin da ke yawan fitowa daga bakinsu. Daga ɗaruruwan kalmomin da suka tara aka zaɓi ƙasa da ashirin. Sharaɗi biyu ne: kalma ta ƙunshi gaɓoɓin da za a iya warwarewa a sake haɗawa, kuma ta taɓa rayuwar mutane har ta sa su magana. Ta farko ita ce belota, sunan wani tuntu na ado da ake sa wa ragar kwanciya da bulalar mahaya a wannan yanki. A haska hoton abin, a yi hira a kansa, sannan a nuna kalmar, a raba ta be-lo-ta, a jero ba be bi bo bu, la le li lo lu, ta te ti to tu. Tun a daren farko na baƙaƙe, mutumin da bai taɓa riƙe fensir ba yakan ɗauko wannan gaɓa ya haɗa da waccan ya fito da kalmar da babu wanda ya koya masa. Daga baya kalmomin takalmi da kasuwa da masara suka biyo, har da na jama'a da ƙuri'a.

Amma a tsarin Freire ba da baƙaƙe ake farawa ba, kuma nan ne maganar fasaha ta shigo. Akwai jerin hotuna goma da ya tsara a fara da su. A ɗaya, mutum ne tsaye kusa da rijiya da gida da bishiya, sai mai jan ragamar zaman ya tambaya: a nan me mutum ya yi, me kuma ya tarar? Wa ya haƙa rijiyar? Don me? A wani hoton maharbi ne da kwari da baka. A na gaba maharbi ne da bindiga. A na bayansa kyanwa ce ke farautar ɓera. Ana nan ana musu har mutane su gano da kansu cewa kyanwa tana farauta amma ba ta taɓa ƙera makami ba, cewa mai baka da mai bindiga duk masu ƙira ne, bambancinsu ilimin da aka tara aka miƙa daga hannu zuwa hannu, kuma rubutu na cikin hanyoyin miƙa shi. Sai hoton masu ginin tukwane da yumɓu, sai tulun da suka gina.

Manufar a fili take. Mutumin da aka shekara arba'in ana gaya masa cewa shi jahili ne, bai san komai ba, ya fara ganin cewa rijiyar da ya haƙa da takalmin da ya ɗinka aikin basira ne, irin wanda ya haifar da littafi da injin. Idan ya yarda da haka, baƙaƙe sun daina zama asirin masu gari, sun zama wani kayan aiki da mutane irinsa suka ƙirƙira, wanda shi ma zai iya ɗauka. Freire ya ƙi kiran wurin aji, ya kira shi da'irar tattauna al'ada, ya ƙi kiran mai koyarwa malami a wannan zama. Irin karatun da ya ƙi jini kuwa ya kwatanta shi da ajiya a banki: malami na zuba bayani, ɗalibi na karɓa yana adanawa, ranar jarrabawa a zo a cira.

A nan ya kamata mai karatu Bahaushe ya yi hattara, don wasu na ɗauko wannan magana su jefi hadda da ita. Ba haka ba ne. Almajirin da ya haddace Alƙur'ani ya wuce zaure yana karatun fiƙihu da nahawu, yana tambaya ana warware masa, yana kan hanyar zama mai fahimta. Abin da Freire ke suka shi ne karatun da aka gina a kan cewa ɗalibi ba shi da abin faɗa, ko da allo ake yin sa, ko da littafi, ko da kwamfuta.

Likitan da ya koma falsafa

Ba Freire ne ya fara wannan tunani shi kaɗai ba. A rubuce-rubucensa yana ambaton wani da yake kira malaminsa, Álvaro Vieira Pinto, wanda sunansa bai zagaya duniya kamar na almajirin ba. An haife shi a 1909, ya karanta likitanci, daga baya ya koma koyar da falsafa a Rio de Janeiro. Yana cikin jiga-jigan wata cibiyar nazari da gwamnati ta kafa a 1955, mai suna ISEB, wadda aikinta shi ne tunani kan yadda Burazil za ta tsaya da ƙafarta, kuma shi ke shugabantarta lokacin da sojoji suka rufe ta a 1964. Ya yi gudun hijira zuwa Yugoslabiya, sannan Chile, inda suka sake haɗuwa da Freire. Ya koma gida a 1968, ya killace kansa yana aikin fassara don ya ci abinci, yana kuma rubuta wani katafaren littafi kan ma'anar fasaha. Ya gama shi a farkon shekarun 1970, ya rasu a 1987 ba a buga ba. Sai a 2005 littafin, O Conceito de Tecnologia, ya fito cikin mujalladi biyu.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne iƙirarin da ake ta yi a zamaninsa, ana kuma yi yau, cewa wai yanzu ne aka shiga zamanin fasaha. A ganinsa babu zamanin da ba na fasaha ba, domin ɗan Adam bai taɓa rayuwa ba tare da sarrafa abin da ke kewaye da shi ba. Wanda ya fara fere dutse ya yi wuƙa mai fasaha ne, kuma a zamaninsa ƙarshen ci gaba ke nan. To me ya sa ake ta kururuta wannan iƙirari? Amsarsa ita ce, yana yi wa wasu amfani. Idan aka shawo kan talakan ƙasa mai rauni cewa fasaha wata aba ce mai ban al'ajabi da ke saukowa daga ƙasashen da suka ci gaba, to an bar masa aiki biyu: ya yi mamaki, ya kuma saya. Ba zai tambayi wa ya ƙera ba, da gumin wa, da ma'adinin wace ƙasa, kuma riba na tafiya aljihun wa.

Ga Vieira Pinto na'ura aikin mutane ne da ya taru ya daskare. Cikin kowane injin akwai tunanin dubban mutane da suka shuɗe, saboda haka gadon 'yan Adam ne baki ɗaya, ba kyautar da wata al'umma ke yi wa saura ba. Manomin da ke noma da fartanya ba a wajen fasaha yake ba. Yana da tasa, wadda aka hana ta girma, kuma haƙƙinsa ne aikinsa ya hau mataki na gaba, ya kuma fahimci matakin da ya hau. Ya ware babban ɓangare na littafin ga kwamfutocin farko, waɗanda jaridu ke kira ƙwaƙwalwar lantarki, ya dage cewa na'ura ba ta tunani: mutum ne ya yi tunanin, ya zuba shi cikinta, kuma duk wanda ya ce na'ura ce ta yanke hukunci yana ɓoye mutumin da ya tsara ta ne. Wanda ke jin yadda ake magana kan ƙirƙirarriyar basira a yau zai ga cewa wannan gargaɗi bai tsufa ba.

Daga nan ne ilimi ya shigo lissafinsa. Ya bambanta wayewar kai iri biyu: ta mai ganin abubuwa kamar haka suka faɗo kuma haka za su tabbata, da ta mai neman sanin sababin da ya sa suke yadda suke. Aikin ilimi shi ne ɗauke mutum daga ta farko zuwa ta biyu. Hotunan rijiya da maharba da Freire ke haskawa wannan darasi ne, an mai da shi yadda manomi zai yi musu a kansa bayan ya ci abincin dare.

Na'ura ɗaya, aiki biyu

Bayan nasarar Angicos, gwamnatin Goulart ta kira Freire ya tsara shirin ƙasa baki ɗaya. An kafa shi a hukumance a Janairun 1964, da niyyar buɗe da'irori 20,000 da za su kai ga mutum kimanin miliyan 2 a shekarar farko. Freire ya ba da labarin cewa ma'aikatar ilimi ta sayo majigi 35,000 daga Polan, masu arha, waɗanda ake iya kunnawa da batir inda babu wutar lantarki. A ƙarshen Maris sojoji suka yi juyin mulki, cikin makonni biyu suka soke shirin, suka kuma nuna majigan a matsayin kayan tayar da fitina da aka shigo da su daga ƙasar 'yan gurguzu. Freire ya yi kimanin kwana 70 a tsare, sannan ya fita zuwa Bolibiya, daga nan Chile, inda ya rubuta littafinsa da ya fi shahara kan ilimin waɗanda aka danne.

Sojojin ba su ƙi yaƙi da jahilci ba. Sun kafa nasu shirin, MOBRAL, wanda ya kankama a 1970 da kuɗi masu yawa da littattafai masu launi. Sun ma ari dabarar fara karatu da kalma a raba ta gaɓa-gaɓa. Abin da suka cire shi ne sauraro da musu. Kalmomin daga ofis suke fitowa, iri ɗaya ga duk ƙasar, kuma ba a son hirar ta kai ga tambayar wa ya mallaki gonar. An rufe shirin a 1985 bai cika alkawarin da ya ɗauka na kawar da jahilci ba.

Mu ma mun san majigi a hannun hukuma. Tun zamanin Turawa har bayan samun mulkin kai, motar majigi kan shigo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a nuna fim kan tsabta ko allurar rigakafi ko noman zamani, irin su Baban Larai da aka yi don ƙarfafa noman auduga, mai fassara na bayani ta lasifika. Dattawa na tuna shi da daɗi, kuma ya amfanar. Amma magana daga ɓangare ɗaya take fitowa. Idan an gama, a naɗe ƙyalle, mota ta wuce gari na gaba, ba a tambayi manomi ra'ayinsa kan farashin da ake sayen audugar ba. Shirin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya buɗe wa mutane da dama ido, ya kuma samar da ƙananan littattafan Hausa masu yawa daga Zariya, sai dai a cikin waɗanda ya lissafa jahilai akwai dubban da ke karanta Alƙur'ani suna rubuta wasiƙa da ajami. Da an fara da tambayar me mutane suka riga suka sani, da ba a kira su da wannan suna ba.

Nijar ta gwada hanyoyin biyu kusan lokaci ɗaya. A 1964, da taimakon Faransa, ta fara koyar da yaran firamare ta talabijin, da Faransanci zalla, a wasu 'yan azuzuwa da masu kula marasa dogon horo ke tsaye a kai. Gwajin ya ja hankalin masana daga ƙasashe da yawa, amma bai taɓa kaiwa ga mafi yawan yaran ƙasar ba. Tun 1962 kuwa akwai ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su ji shiri da Hausa ko Zabarmanci, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a faifai a mayar gidan rediyo a watsa. Na'urar ta fi talabijin arha, amma a nan talaka na jin muryarsa tana fitowa daga akwatin.

Shin na'ura ba ta da ɓangare?

Akwai masana da za su ce Vieira Pinto ya cika kyakkyawan zato. A 1954 Bafaranshe Jacques Ellul ya fitar da littafin da ke cewa fasahar zamani ta zama tsari mai cin gashin kansa, wanda ke tilasta wa komai bin hanya mafi sauri da inganci, ko mutane sun so ko sun ƙi. A wannan shekarar aka buga maƙalar Bajamushe Martin Heidegger, wanda ya ce fasahar zamani na koya mana kallon kogi da daji, har da mutum, a matsayin kayan da aka tanada don amfani kawai. Vieira Pinto ya soki irin wannan tunani da zafi. A ganinsa, ɗora wa na'ura laifi hanya ce ta wanke masu ita, kuma mai cikakken ciki ne ke da sukunin tsoron injin, alhali matar da ke daka da hannu tun asuba injin niƙa take nema.

Ina tare da shi a wannan, amma ba har ƙarshe ba. Majigin Angicos ba shi da wata bukata ta kansa. Abin da aka sa masa yake haskawa, idan an kashe shi ya yi shiru. Wayar da ke aljihun ɗalibi a yau ba haka take ba. Manhajojin da suka fi cin lokacinsa kamfanonin da ke rayuwa da kuɗin talla ne suka gina su, kuma an tsara su ne don ya daɗe yana kallo. Manufar mai ita na cikin ƙirarta tun kafin ta iso hannun yaro. Ivan Illich, wanda ya zauna a Meziko kuma suka san juna da Freire, ya fi kusa da gaskiya a nan. A littafinsa na 1973 ya raba kayan aiki gida biyu: waɗanda mai amfani da su ke iya fahimta ya gyara ya juya su zuwa bukatarsa, kamar keke, da waɗanda ke mai da shi mai jiran abin da aka ba shi. Wannan bai rushe maganar Vieira Pinto ba, ƙara mata nauyi ya yi. Idan manufa na ɓoye cikin na'ura, to bukatar ilimin da ke tono ta ta fi ta da.

An gwada ɗaya hanyar, ta miƙa na'ura a koma gefe. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya sanar da shirin ba kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka ta dala 100. Ƙasar Peru ta sayi fiye da 800,000. A 2012 masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon nazarin makarantun karkara 319: yara sun iya sarrafa kwamfutar, an ga ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani, amma a lissafi da karatu babu bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a ba su ba. Malamai da yawa ba su sami horon kirki ba, kuma darasin bai canza ba.

Inda Freire ya yi tuntuɓe

Bai kamata a mai da Angicos tatsuniya ba. Sa'o'i 40 na ba mutum mabuɗi ne, kuma juyin mulki ya hana a yi mataki na biyu da aka tsara, saboda haka wasu daga cikin ɗaliban ba su sami inda za su ci gaba ba. Darasi mafi ɗaci kuwa a nan Afirka ta Yamma aka koye shi. A 1975, Freire na aiki da Majalisar Coci-coci ta Duniya a Jeniba, sabuwar gwamnatin Gini Bisau ta gayyace shi. Akwai niyya, akwai ɗokin sabon 'yanci bayan doguwar gwagwarmaya da Turawan Fotugal. Amma jam'iyya mai mulki ta zaɓi a koyar da Fotugis, harshen da 'yan tsiraru ne ke ji, aka bar Kiriyol da Balanta da Fulatanci da Mandinka da mutane ke magana da su. Tsarin da ƙarfinsa ke cikin kalmomin bakin mutane aka ɗora shi a kan harshen da ba nasu ba. In ban da a cikin soja, inda aka ɗan samu ci gaba, sakamakon bai taka kara ya karya ba. Freire ya rubuta wa kwamishinan ilimi, Mário Cabral, yana jan hankalinsa kan batun harshen, amma bai fito da wasiƙar fili ba sai bayan shekaru, kuma masu sukarsa na da hujja idan suka ce ya kamata ya ɗaga murya tun da wuri.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yaron da ke shiga aji ɗaya a Gumel ko Tasawa, a fara masa da harshen da ba a yi a gidansu, sannan a miƙa masa na'urar da duk abin da ke cikinta da wannan harshen yake, an tare masa ƙofa biyu a lokaci guda. Ba zai yi musu da abin da ke kan allon ba, domin ba shi da kalmomin yin musun.

Freire ya koma gida a 1980. Daga 1989 zuwa 1991 ya riƙe sakataren ilimi na birnin São Paulo a ƙarƙashin magajiyar gari Luiza Erundina, kuma a lokacinsa aka fara sa kwamfutoci a makarantun gwamnati na birnin, har da na unguwannin talakawa. Hujjarsa ita ce 'ya'yan masu hali sun riga sun samu, hana na talaka zalunci ne. A wata tattaunawa da aka ɗauka a bidiyo tsakaninsa da Seymour Papert, masanin da tunaninsa ya haifar da shirin kwamfutar yara daga baya, Papert na ganin kwamfuta za ta sa makaranta irin wadda muka sani ta zama tarihi. Freire ya amince makarantar ta lalace, amma ya ce gyara ta za a yi daga tushe, domin yara na bukatar wurin da za su haɗu da juna da malami su yi tambaya tare. Ya rasu a 1997. A 2012 doka ta ayyana shi uban ilimin Burazil, a 2018 kuma Jair Bolsonaro ya yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin kawar da aƙidarsa daga makarantu.

Mutanen da hotunan Freire ke magana a kansu suna nan cikinmu da yawa. A kasuwar Panteka ta Kaduna akwai masu narka ƙarfe su zuba, masu ƙera injin niƙa da na casar hatsi da kayan gyaran mota, da yawansu ba su gama sakandare ba. A Farm Centre ta Kano samari na buɗe wayar da aka ƙera a Sin, su gano inda ta mutu, su ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba su dasa wata. Sun riga sun tsallake matakin mamaki, sun san cewa hannu ne ya haɗa, hannu kuma zai warware. Abin da ba su samu ba shi ne lissafi da kimiyyar da za su kai su daga gyara zuwa ƙira, cikin harshen da suke tunani da shi, da kuma zaman da za a tattauna dalilin da ya sa kowace ƙwaya daga waje take zuwa, da dalilin da ya sa wasu kamfanoni ke rufe wayoyinsu yadda ba za su gyaru ba. A ɗaya gefen akwai ɗalibin injiniya da ya haddace ƙa'idojin lantarki da Turanci, ya ci jarrabawa, bai taɓa riƙe abin narka dalma ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna ta fara haɗa kai da masu sana'ar Panteka a 'yan shekarun nan don a tantance ƙwarewarsu a ba su takardar shaida, kuma mataki ne mai kyau. Zai fi kyau idan malaman da ke zuwa kasuwar suka fara da zama a rumfa suna sauraro, suna rubuta sunayen da maƙeran ke kiran kayan aikinsu da matsalolin da ke hana su barci, sannan a gina darasin farko a kan waɗannan.